Bishiyar Jarkoki Ta Rasa Mai Ita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan nan, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina a gona, wanda yaro da babba suka sani da Mai Ƙusa. Ya cika a ɗakinsa bayan jinya, damina na tsaka, waken da ya shuka ko fure bai yi ba.

Abokina, tun gashinmu na baƙi muke iyaka da kai, ban kuwa taɓa ganin gona irin taka ba. Ga masara, ga wake a ƙarƙashinta, kabewa na rarrafe a tsakani, takin awaki kuwa gida gida kake bi kana roƙo. Nakan tsokane ka cewa gonarka kasuwa ce, ba wanda ya san rumfarsa. Sai ka ce, "Bari dai, kasuwa ba ta watsewa don mutum ɗaya ya yi asara." Shekarar da tsutsa ta cinye masarar kowa, wakenka ne ya riƙe gidana, irin da muka shuka a damina ta gaba ma daga tukwanenka ya fito. Har ka koma ga Allah ba ka goranta mini ba.

Sai kuma bishiyar. Ga wanda bai san tushenta ba, akwai shekarar da 'ya'yan wani gida suka kwanta gaba ɗaya, amai, rawar jiki, yawu na dalala. Ƙaraminsu bai tashi ba. Ma'aikaciyar asibiti ta zo ta leƙa madafa, ta tarar ruwan shansu a jarkar maganin feshi yake. Uwar tana kuka tana rantsuwa ta wanke ta da sabulu da toka. Jarka ce mai kauri, mai murfi, wa zai yar? Tun daga ranar ka soma yawo da ƙusa a aljihu. Duk inda aka gama feshi sai ka roƙi jarkar, ka huda ta gindi da gefe, ka rataye a busasshiyar bishiyar ƙarshen gonarka, nesa da rafi. Ka ce in ka binne ƙasa ta sha, in ka ƙona mu shaƙa.

Sannu a hankali bishiyar ta sami murya. Iska in ta shiga hudojin, wata jarka ta yi fito, wata ta yi nishi kamar mai naƙuda, wata kuwa sai ka rantse yaro ne ke kiran uwarsa daga nesa. Tsuntsu ya daina sauka a kanta. Mata masu zuwa itace suka canja hanya. Aka soma cewa mutanen ɓoye sun tare a can. Na ce maka, "Malam, fito ka ƙaryata mana." Ka ce, "In na ƙaryata, gobe a liƙe hudojin da roba a zuba man girki. Bar su da tsoronsu, ya fi gadon asibiti sauƙi."

Ni da na tashi a kan tabarmar kakata ina shan labarin dodanni, na ɗauka na wuce a razana ni. To, washegarin jana'izarka na je dubo maka waken. Rana ce tsaka, ganye ko ɗaya ba ya motsi, gumi na bin gadon bayana. Amma bishiyar tana kuka. Jarka ɗaya ce can ƙasa, a reshen da hannunka ke iya kaiwa bayan ka tsufa. Ta yi fito a hankali, ta tsaya, ta ci gaba, kamar mai jan numfashi. Na matsa na juya ta. Babu huda ko ɗaya a jikinta, murfinta a rufe gam.

Ban tsaya neman bayani ba, kuma ranar gwiwoyina sun manta da tsufa. Da na gaya wa matarka, ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai na ƙarshen da ya tara ne, Yaya. Hannunsa ya daina iya danna ƙusa. Waccan ya rataye, sauran suna ɗakin ajiya, kullum sai ya ce in ya ji sauƙi." Na leƙa. Ga su a jere bayan tukwanen iri, fes kamar sababbi, gida kuma cike da masu gaisuwa. Da kunnena na ji wata baƙuwa tana tambaya ko akwai abin ɗebo ruwa.

Don haka, kai babban ɗansa, ta'aziyyata haɗe take da roƙo. In an tashi rabon kayansa, a ba da riguna, a ba da fartanya, a raba iri ga duk mai gona. Jarkokin nan kuwa kada ɗaya ta fita da sunan sadaka, ko da mai roƙon ya yi fushi. A huda su yau, kafin wani mai kirki a gidan ya yi wa baƙo kara da su.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, da 'ya'yansa, da jikoki, da mu da muka ci daga gonarsa. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe kurakuransa, Ya yalwata masa makwanci. Ya tsare ruwan 'ya'yan mutane iyakar ƙarfin hannunsa, Allah Ya shayar da shi ruwan da ba a ƙishirwa bayansa. Amin.