Ranar da Sabis Ya Ɗauke wa Mai Garkuwa

Mijin yayata tela ne, amma ko yaushe ka leƙa shagonsa keken ɗinki na hutawa, shi kuwa ya duƙufa kan waya yana wasan yaƙi na intanet. Shekara huɗu jarumi ɗaya yake zaɓa, wani ƙato mai garkuwa da yake kira "mutumina". Aikin ƙaton nan guda ne: ya tsaya a gaba ya tare wa abokan wasa harbi. Amma gwanin namu da ya ji harbi sai ya ja mutumin nasa ya laɓe, a karkashe sauran, sannan ya yi tsaki ya ce ba su iya ba.

Wata Laraba ana tsakiyar fafatawa sabis ya ɗauke masa. Ƙaton ya ƙame a bakin ƙofa, garkuwa a ɗage, ba gaba ba baya. Abokan suka fake a bayansa suka cinye wasan, karo na farko.

Har yau yana cika wa masu kawo ɗinki baki da wannan nasara. Abokan wasan kuwa, kafin a fara, sai su roƙe shi cikin ladabi: "Yallaɓai, don Allah koma ƙuryar shagon nan inda ba sabis."