Guntun Tiyon Baba

Jiya na je gida Toranke, na tarar da Inna tana jan ruwa da tsohon bokitinta, duk ya lotse. Na karɓa zan yar, tunda na sayo mata sabo.

Ta riƙe min hannu. "Kai, ajiye min abina. Dubi mariƙin."

Ashe guntun tiyon ban-ruwan marigayi Baba ne, ya yanka ya zura wa ƙarfen. Ta ce ranar da ya ga ƙarfen ya yanke mata tafin hannu ya yi haka.

"Babanku bai iya cewa sannu da baki ba. Sannunsa ke nan."

Har na taho sabon bokitin yana zaure, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ku fa, me mamaci ya bar muku da kuka kasa yarwa?