Bututun da Malam Attahiru Ya Bari Gado

Shekara tara ke nan da rasuwar Malam Attahiru. Ranar wata Talata ce, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakinsa da ke Jega. Mu uku ne a kansa: ni, da matarsa wadda ƙanwata ce, da 'yarsu Luba, lokacin tana ajin ƙarshe na sakandare. Allah Ya jiƙansa. A shekarun baya addu'a kawai nake yi idan lokacin ya zagayo. Bana na ɗauki alƙalami ne saboda abin da ya bari gado ya kusa zama ajalin Luba da wani bawan Allah, kuma ta yi mini tambayar da har yau ban amsa ba.

Malamin kimiyya ne a sakandare, abokina tun muna yara. Ni kuwa aikin rediyo na yi har na yi ritaya. Duk mako yakan rubuto bayani a kan sararin samaniya da Hausa, ni in karanta wa masu sauraro. Sarkin Baki yake kirana. Yakan ce, "Kai da murya, ni da taurari. Karanta yadda na rubuta, kada ka sa gishiri."

Da hannunsa ya haɗa madubin hangen taurari. Bututun ban-ruwa ya saya wurin manoman albasa a Aliero, mai kauri, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum. Ya shafe cikinsa da baƙin fenti, ya dasa wani madubi mai kwarmi a gindinsa, wanda wani abokin karatunsa ya aiko masa, kafinta ya yi masa ƙafafu. Da rani, in an cire albasa, sai ya ɗaure shi a bayan babur ya shiga ƙauyuka. Bayan magariba a kafa shi a masussuka, yara da manya su yi layi. Na raka shi Jiga Birni wata rana. Limamin garin, wanda shi ke lissafa wa manoma taurarin damina, ya sa ido ya ga ramukan da ke jikin wata, ya ɗago ya ce, "Subhanallahi! Ashe wata ma ya yi agana. Ku dibi zanzana!" Aka yi ta dariya, shi kuma ya sake komawa layi.

Rubutunsa na ƙarshe shi ne wanda muka yi gardama a kansa. A ciki ya ce taurari garke-garke suke, kowane garke da taurari biliyoyi, rana tamu kuma ɗaya ce a cikin garke guda. Masana sun auna sun ga garkunan nesa suna ƙara nisa da namu, kuma gudun ƙaruwa yake yi. Ya kawo misalin majemi: a ɗiga tawada nan da can a kan jiƙaƙƙiyar fata, sannan a ja ta ta kowane gefe. Babu ɗigon da ya tashi daga wurinsa, amma kowanne ya yi nesa da ɗan'uwansa. In haka ta ci gaba, in ji shi, wata rana haskensu zai daina iso mu. Waɗanda za su zo a lokacin za su duba da na'urori masu kyau, su ga duhu a bayan garkensu, su rantse babu komai can. Kuma ba ƙarya za su yi ba, iyakar abin da suka gani ke nan.

Na ce masa wannan zai hana mutane barci. Ya ce, "Maganar shekaru biliyoyi aka yi, Sarkin Baki. Kai da ba ka da tabbacin kaiwa damina?" Na karanta shi yadda ya rubuta. Shi ne bai kai daminar ba.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ƙauyen Karaye yana inda yake, ƙauyen Giwa Tazo ma haka, amma wanda ke zuwa can ziyara da yamma ba tare da shawara ba, yanzu sai ya tambayi labarin hanya. Da ana cewa tsoro na daji, kunya ta gida. Yanzu tsoron ya shigo gida ya zauna. A wasu ƙauyukan yara ba su ƙara fita bayan magariba, kuma mutum ba ya ɗaga kai sama sai ya ji ƙarar jirgi. Ranar da aka ga jerin taurarin ɗan'adam suna ratsa sama a layi ɗaya, wayata ba ta huta ba. Wani ya ce jiragen leƙen asiri ne, wani ya ce alamar tashin duniya. Ba wanda ya kira don ya ce abin ya ba shi sha'awa.

Luba yanzu malamar kimiyya ce a Maiyama, kuma madubin yana hannunta. Da ranin bana ta yi niyyar kai shi wani ƙauye da ɗalibanta suka fito, ta nuna musu wata tun da sauran haske, ta kwana gidan ƙawarta. Ta naɗe shi da tabarma, ta ɗauki ɗan kabu-kabu mai suna Sahabi, suka kama hanya bayan azahar. A bakin wani ƙauye suka tarar da shingen 'yan sa-kai. Aka kwance tabarma, sai ga dogon bututu mai baƙin baki, da ƙafafun girkawa, a kan babur. Nan take aka kwantar da Sahabi a ƙasa.

"Mi kunka ɗauko?" in ji shugabansu, wani dattijo mai bindigar toka.

"Madubin kallon taurari na, Baba. Ubana yah haɗa shi. Ku sa ido nan ku gani."

"Malama, wa ka sa ido nai ga bakin bindiga?"

Sai ta ce bari ta nuna musu. Amma irin wannan madubi ba ya nuna komai sai an girka shi an auna shi ga wani abu. Ta ɗaga bakinsa za ta auna wata kuka da ke nesa, kukar kuwa tana bayan gidajen garin. Aka ɗaga bindigogi gaba ɗaya aka auna ta. Mata suka fara kururuwa, jama'a suka taru, wani ya taka wuyan Sahabi, wani ya ce a kawo fetur. Dattijon ne ya tsaya a tsakani, ya ce ba mai taɓa kowa sai an ga cikin abin. Aka kawo zarto aka yanka bututun gida biyu. Madubin da ke gindinsa ya faɗo a kan dutse ya tsage.

Da la'asar na iso daga Jega, bayan an bar ta ta kira ni. Na tarar da Sahabi zaune, leɓensa a fashe. Dattijon ya ba ni haƙuri ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya ce, "Alhaji, mun gaji da ginar kushewa." Ban ga laifinsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin matasan da ke wurin babu ko ɗaya da ya taɓa ganin irin wannan abu, alhali a masussukar ƙauyen nan Malam Attahiru ya taɓa kafa shi.

Idan na auna abin da ya rage na marigayin, kaɗan ne. Akwai dattawan da suka taɓa ganin ramukan wata da idonsu, suna raguwa kowace shekara. Akwai Luba, wadda ta gaji taurin kansa. A hanyarmu ta komawa ta ce za ta sake haɗa wani. Na ce ta dakata sai ƙura ta lafa. Ta ce, "Kawu, sai yaushe? Ɗalibaina bana za su fita." In na ce ta je, ranta nake sakawa a hanya. In na ce ta bari, na san yaran da za su tashi ba su taɓa leƙawa ba, kuma wasu daga cikinsu ne za su tsare shinge gobe.

Ba ta jira amsata ba. Ta yi odar sabon madubi, ta sayi bututu a Aliero, kafinta ya gyara ƙafafun. An gama haɗa shi tun watan jiya. Sahabi ya sayar da baburinsa ya koma noman albasa, kuma duk ɗan kabu-kabun da ta tambaya a Maiyama ya ce ba zai ɗauka ba.