Yadda Aka Bar Ni da Ƙasa

Ranar jajiberin ƙaramar Sallah, ina 'yar shekara bakwai, Baba ya dawo daga Kasuwar Kurmi da takalma ƙafa huɗu, alhali mu biyar ne yara a gidan, har da 'ya'yan ƙaninsa. Kowa ya zura nasa, ni ina tsaye a bakin turken awaki da tsintsiya a hannu. Na dubi Inna, ta kawar da kai. Kakata ta ce, "Wannan ba tamu ba ce, a bar ta da ƙasa."

Sai da na girma na gane. 'Ya'ya uku Inna ta binne kafin ni, ba wanda ya kai yaye. Da aka haife ni, tsofaffin unguwarmu ta Zaitawa suka ce a nuna ba a so na, ko mutuwa ta raina ni ta wuce. Aka kwantar da ni a kan juji, aka ɗauko, aka kira ni Ajuji. Ni ce mai share kashin awaki, ni ce mai kwashe akurki, in lomar tuwo ta faɗi ƙasa ni ake miƙa wa. Da damina a bakin kududdufi nake yini, ina gina tukwanen laka. Na yi gudawa, na yi ƙuraje, amma kowace cuta kwana biyu take yi ta sake ni. Inna kuwa sai dai ta leƙo ni ta bayan asabari. Har ta koma ga Allah ba ta yarda an ga tana so na ba.

Jikata Hafsatu, mai karatun likita, ta ce wai jiki yana da masu gadinsa tun haihuwa. In sun gamu da wasu ƙwayoyin cuta da wuri sai su yi wayo, su riƙa tashi da sauri ko da baƙuwar cuta ce ta zo. Na ce, "Ashe dai tsofaffin sun yi daidai?" Ta ce, "A'a, Hajiya, ƙazantar nan ta kashe da yawa. Ke dai Allah ne ya tsallakar da ke."

Yanzu ina zaune ina kallon ta tana goge hannun ɗanta sau goma kafin azahar, tana sumbatarsa a gaban kowa. Bakina ya yi ta ƙaiƙayin faɗa, sai in haɗiye. Lafiya kam na samu, ban musa ba. Amma da an tambaye ni, da na zaɓi a rungume ni.