Ranar da Kawu Ya Ajiye Tuƙi

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban rubuta komai a lokacin ba, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Zan faɗi abin da nake tunawa.

Bayan na dawo Jega daga jami'a, kafin in sami aiki, ni nake raka kawuna, yayan mahaifiyata, duk inda za shi. Idonsa ya fara rauni, 'ya'yansa kuma sun matsa masa ya daina tuƙi. Ya amince, amma da sharaɗi: a tayar masa da tsohuwar jar motarsa mai ƙofa biyu, wadda ta daɗe a rumfa kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, ya tuƙa ta sau ɗaya, sannan ya ba da makulli. Ya ce ba zai rufe tuƙinsa da motar kowa ba sai ita.

Muka ja ta zuwa garejin wani bakanike da ya saba da motocin ɗaukar albasa daga Aliero. Ya sauke injin gaba ɗaya, ya sa sababbin ringi da fulogi, ya wanke kafireta. Ni dai ina tsaye ina tambayoyi, don ina tsoron a ɓata abin da ba za a sami madadinsa ba. Idan na cika tambaya sai ya ce, "Malam, zauna, injin ba jarrabawa ba ne." Da ya gama, ya yi kwanaki yana zagaya gari da ita a hankali don sababbin ƙarafan su saba da juna.

Ranar karɓa, aka tayar da ita a gaban Kawu. A kunnena lafiya lau take. Kawu ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya sa aka taka totur, sai ya ɓata fuska.

"Mi kay yi mata?"

"Baba Alhaji, gyara na yi."

"Wagga keken ɗinki ce ka ba ni. Ina muryarta?"

Bakanike ya yi dariya, ya amsa laifinsa. Ashe ya zura siririyar wayar tagulla a 'yar kafar da fetur ke bi cikin kafireta, don ya rage mata shan mai. Haka yake yi wa duk motar da ta shigo hannunsa, direbobi ma har godiya suke masa. Bai taɓa zaton akwai mai son akasin haka ba.

"Tausayinka na ji, Baba. Ka san yadda mai ya koma."

"Tahiya guda ta rage mini, kai kuma kana yi mini tattali? Cire."

A nan hankalina ya tashi. Na ja bakanike gefe na ce ko zai bar wayar, tunda mota mai ƙarfi da ido mai rauni ba su dace ba. Ya ce, "To kai ka gaya masa." Na kalli Kawu, hannunsa har lokacin yana kan bonet. Ban iya ba. Ban sani ba ko daidai na yi.

Aka zare wayar, aka juya wani ƙaramin sukuru, ana juyawa Kawu na saurare, har ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ƙarar ta yi kauri, ana jin ta a ƙirji.

Muka kama hanyar Maiyama da hantsi, ni a gefensa. Muka yi yarjejeniya ni ne idonsa. Duk abin da na hango sai in faɗa: "Kawu, mai babur. Kawu, shanu a dama. Kawu, rami." Ya ce, "Ɗana, ko inuwar itace ma sai ka ba ni labarinta?" Amma yana ragewa duk lokacin da na yi magana, tafiyar tamu kuwa ba ta fi ta amalanke da yawa ba.

Can muka iso wani miƙaƙƙen wuri, gonaki hagu da dama, ba mutum ba dabba. Ya tambaye ni, "Akwai kowa?" Na duba, na sake dubawa. Na ce babu.

Ya taka. Kujera ta manne mini a baya, iska ta cika motar, ina ta salati a zuci. Ba na jin abin ya daɗe. Shi da kansa ya ɗaga ƙafa, ya gangara gefen titi a hankali, ya tsaya. Ya bar injin yana aiki, ya zauna yana saurare. Sannan ya kashe, ya miƙo mini makulli ya ce, "Mai da mu gida. Kada ka wahalshe ta da giya ɗaya."

Bai sake tuƙi ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Babban ɗansa ya ce mini ba hanyar Maiyama muka bi ba, ta Aliero ce, wai ya gan mu. Ni dai Maiyama nake tunawa, amma ba zan rantse ba. Duk wanda ya kasance a garejin ko ya ga wucewarmu, ina roƙon ya sanar da ni inda na kuskure, in gyara.