Ƙarar Da Ta Bi Ni Har Jiratawa

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Na daɗe ina son in rubuto wannan, kunya ke riƙe mini hannu. Yau dai na ce bari in tona wa kaina asiri, ko wani mai taurin kai irina zai tsira.

A lokacin da abin ya faru ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko. Shekara goma sha tara na yi ina koyarwa a wani ƙaramin ƙauye arewa da Dakwaro, inda in jaki ya yi kuka da hantsi kowa ya san na wane ne. Na saba da aji, inda nake magana babu mai musa mini, kuma da wannan halin nake komawa gida. Sai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ofis a Maraɗi. Muka kama haya kusa da kasuwa, ni da matata da 'ya'yanmu uku. Matata tela ce, ita kam garin ya karɓe ta. Ba mu yi wata biyu ba matan unguwa suka gano hannunta, keken ɗinkinta ba ya hutawa, har ta fara maganar ɗaukar masu koyo. Ni kuwa na shiga uku. 'Yan kabu-kabu na zuba hon tun asuba, mai gyaran rediyo na gwada lasifika a bakin ƙofarmu, ga kuma wata siririyar ƙara, zuuu, da ke kwance ƙarƙashin duk sauran, ba ta yankewa ko gari ya lafa. Ita ce ta fi ci mini rai. Na yi bincike irin na malamai, na yanke hukunci cewa janaretan maƙwabcinmu mai sayar da ƙanƙara ne.

Na ce mu koma Zariya, unguwar masu natsuwa. Matata ta roƙe ni in yi haƙuri, ta ce ɗinki ba a kai ake ɗaukarsa ba, mutane ne, kuma mutanenta suna nan. Na ce mata duk mai son aikinta zai bi ta. Wasu sun bi ta ɗin, ƙarar ma ta bi ni. A Zariya na ɗora laifin kan wayoyin lantarki da suka ratsa bayan gida. Bayan wata huɗu na kwashe su zuwa Tibiri, can kuma na gano wani injin niƙa da ke layi na uku daga namu, na ce shi ne. Duk inda muka je sai matata ta ce ita fa ba ta jin komai. Ni kuma in ce mata ai wadda ta wuni a kan keke kunnenta ya riga ya mutu. Yara suka ce su ma ba sa ji, na ce dama bayan uwarsu suke bi. Mai amalanken da ke kwasar mana kaya har ya fara gaishe ni a hanya yana tambaya ko da aiki.

Daga ƙarshe na samo gida a Jiratawa, a bakin gari, daf da garake. Ranar da za mu tashi matata ba ta yi musu ba, ta ɗaure kayanta shiru, kuma ni da wautata na ɗauka ta fara fahimta ne. Wurin kuwa babu laifi, ga zogale kore shar, ga iska mai sanyi daga gulbi. Kwana biyu na yi ina yaba kaina a ofis, ina ba abokan aiki shawara su fito daga hayaniya. A rana ta uku ina zaune ina shan shayi sai ga ta, zuuu, kamar ta biya rabin kuɗin haya. Wannan karon ban sha wahalar bincike ba. Akwai wani dattijo mai garka a bayan katangarmu, kuma na ga rumfar injin ban ruwa a ciki.

Bayan la'asar na same shi a gindin bishiya cikin abokansa. Na yi gaisuwa a tsaye, na fara jawabi. Na yi maganar haƙƙin maƙwabtaka, na yi maganar lafiyar jama'a, har da Faransanci na haɗa don su san ba da ƙaramin mutum suke magana ba. Dattijon bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce in taimaka in biyo shi. Duk majalisar ta tashi ta biyo mu. Ya buɗe rumfar, sai ga injin a wargaje, ƙusoshinsa a cikin tsohon kwano, kaza ta yi ƙwai a gefe. Ya ce mako shida ke nan da ya lalace, rabinsa ma yana Maraɗi wurin makanike. Sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko yanzu ina jin ƙarar. Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce in toshe kunnuwana da yatsu in gani ko za ta ragu. Na toshe, sai ta ƙaru. Fuskata ce ta ba su amsa. Dattijon ya dafa kafaɗata ya ce injin dai nawa ne, kuma a kaina yake, sai dai in ina so ya haɗa ni da makanikensa. Wani ya yi dariya har ya zauna a cikin kwalbatin ruwa.

Washegari na je asibiti a Maraɗi. Likita ya haska kunnena na hagu, ya kira abokin aikinsa shi ma ya zo ya gani. Suka wanke, suka zaro wani dunƙulen auduga da ya yi baƙi ya taurare. Nan na tuna cewa a makonmu na farko a gari na riƙa cusa auduga a kunne don in samu barci. Ashe wata ta shige ta yi zamanta. Likitan ya tambaye ni ko zan tafi da ita gida, tunda mun daɗe tare.

Na koma Jiratawa da kunne garau. Na ji kukan kurciya, na ji ruwa na bin hanyarsa cikin garake. Da na shiga gida sai na lura da abin da ban ji ba. Keken matata na jingine a lungu, an rufe shi da zane, an jera kwanoni a kai. Ita kuma tana zaune tana tsinke wa maƙwabta ganyen zogale ana ba ta ɗan abin cefane. Na tambaye ta yaushe rabonta da ɗinki, ta ce tun Tibiri, in ban da facin wandona. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ba ta labarin audugar ina jiran dariya ko faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dai tambaye ni, da take cewa ba ta jin komai, maganar wa ta zama gaskiya. Na ce tata. Ta ce in maimaita, tunda yanzu kunnen ya buɗe, ni ma in ji da kaina.

Mun koma cikin gari, kuma ita ta zaɓi gidan. Amma matan da ke kawo mata ɗinki sun riga sun saba da wasu teloli, har yau tana lallaɓo su ɗaya bayan ɗaya. Kunnena ya warke cikin rabin awa, sana'arta kuwa shekara biyu ke nan ba ta koma yadda na same ta ba. Ba ta taɓa goranta mini ba, kuma wannan ya fi faɗa zafi.

Don haka 'yan uwana maza, musamman mu da muka saba a saurare mu, in kai kaɗai ke jin abu a gida, kowa ya ce ba ya ji, kada ka kira mai amalanke tukuna. Ka fara zuwa a duba ka. Kuma in matarka ta daina yi maka musu, kada ka ɗauka ta yarda ne, ta gaji ne kawai.