Usmanu Ba Aljani Ba Ne

Bari in fara da gyara, domin na gaji da raɗe-raɗin da ake yi tun ranar da aka kai Kaka makwancinsa. Usmanu ba aljani ba ne. Ba kuma wani ɗa ba ne da Kaka ya ɓoye a Marwa, kamar yadda ake cewa a bakin famfo. Ƙarfe ne, ɗan ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, a bakin baƙin alƙalamin nan da kuka sani. Goggo Asabe ta rantse kafin sadakar arba'in sai an jefa alƙalamin a kogin Binuwai, Baffa Sani kuma ya ce shi zai kai. To ku saurare ni tukuna.

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu ya san abin da ya jawo maganar. Kullum da hantsi Kaka, Malam Garba Tafinta, zai shimfiɗa buzu a zaure, ya zaro alƙalamin daga kubensa na fata, ya kawo shi daf da ido ya ce, "Usmanu, an tashi lafiya?" Ya kasa kunne kamar mai jiran amsa. Sai bayan nan ya gaisa da mu 'yan Adam. In ka kuskura ka ce ka gaji, ka shiga uku. "Usmanu yana aiki tun zamanin Jamus bai ce uffan ba, kai daga ɗauko buta ka gaji?"

Ga asalin abin, yadda ya faɗa mini ya fi sau ɗari. Lokacin da Jamusawa ke riƙe da Garwa, Kaka saurayi ne, ɗan fataken Kano da suka yi zamansu a nan. Ya iya Fulatanci, ya iya ajami, sai wani Bajamushe mai awon ƙasa ya ɗauke shi tafinta, shi da abokinsa Hamadu. Aikin Kaka ya tambayi sunan kowane ƙauye ya rubuta. Da alƙalamin kara yake yi, ƙauye biyu sai ya tsaya fiƙa. Baturen ya fi ni rashin haƙuri, in kun yarda an taɓa yin irin wannan. Wajen garin Pitowa ya fizge karan ya karya, ya miƙa wa Kaka nasa.

Kaka ya yi mako uku yana rubutu yana duba bakin abin, bai ga ya ci ba. Ya kasa daurewa.

"Ranka ya daɗe, shi wannan yaushe ake fiƙe shi?"

Baturen ya yi dariya, ya nuna ɗigon da farce ya ce, "Osmium."

"Usmanu?"

"Osmium."

"Ai abin da na ce ke nan. Ashe Musulmi ne."

Baturen ya buɗe ɗan agogonsa mai nuna arewa, ya ce allurar ciki ma a kan wannan ƙarfen take juyawa, shi ya sa ba ta gogewa. Ya ce a ƙasarsu har zaren fitilar lantarki an yi da shi. Kaka ya gyaɗa kai. "Yana rubutu, yana nuna hanya, yana ba da haske. Wannan ai malami ne."

Da Baturen zai koma gida, ya ce kowannensu ya zaɓi abu ɗaya. Hamadu ya zaɓi doki. Kaka ya zaɓi alƙalami, mahaifinsa ya bi shi da sanda har bakin kogi. Damina ɗaya dokin ya yi, cutar sammore ta kashe shi. Daga ranar har Hamadu ya tsufa, duk inda suka haɗu, ko a jana'iza ne, Kaka zai miƙa hannu ya fara da gaisuwar Fulatanci ya ce, "Jam na? Yaya doki?" Da Hamadu ya rasu sai ya koma kan 'ya'yansa. Bara na ji shi da kunnena yana tambayar jikan Hamadu, direban mota, wanda bai taɓa hawa ko jaki ba.

Kun san Kaka bai iya sayen takalmi ba. Fade ɗaya ya yi ta kai wa baduku har badukun ya ce, "Malam, babu sauran inda zan soka basilla." Amma tawadar kwalba ba ta yanke masa. Wai Usmanu ba ya shan tawadar allo, ƙaro yana shaƙe shi.

Goggo Asabe ta tuna shekarar da ta turo Isa, maƙerin fari, ya lallashi Kaka a cire zinariyar bakin alƙalamin a yi mata ɗan kunne. Isa ya juya abin a hannu ya ce, "Malam, zinariyar ce dukiya. Ɗigon nan sai in goge shi da magagari."

"Bismilla, goge."

Isa ya goga, ya sake gogawa, ya yi gumi. Ɗigon yana nan yana ƙyalli kamar ana yi masa susa. Kaka ya karɓe abinsa ya ce, "Zinariyar nan jakin da Usmanu ke hawa ce. Ka taɓa ganin an sauke malami don a ba mace jaki?" Ina jin tun ranar Goggo ta ƙulla gaba da Usmanu.

Yanzu ga nawa. Da na gama lakol, wato firamare, gida ya ce ya isa haka. Kaka ya buga sanda a ƙasa. "Amaryata za ta lise. Shekara sittin ina zaune da baƙo ban san danginsa ba, ita za ta nemo mini su." Aka yi dariya, amma wa zai ja da shi? Shi ya cika takardar shiga lise, wato sakandare, da hannunsa, da Usmanu.

A shekarata ta biyar a lise malamin kimiyya ya rataya jadawalin sinadarai a bango. Ina bin layi da ido sai ga Usmanu, haruffa biyu, lamba saba'in da shida. Na tashi da ihu ana tsakiyar darasi, aka kore ni waje. Na zo gida a guje.

"Tsoho, na gano shi. Babu ƙarfen da ya kai shi nauyi a duniya. Ya ninka darma."

"Na sani."

"Ba ya tsatsa. Wutar maƙera ba ta narka shi."

"Na sani. Sun rubuta sunansa daidai?"

"Ba shi kaɗai ba ne a bakin alƙalaminka. An gauraya shi da wani, iridium."

Ya zaro ido. "Idirisu? Shekara sittin yana nan ban taɓa gaishe shi ba?" Washegari da hantsi muka ji, "Usmanu, an tashi lafiya? Idirisu, a yi haƙuri."

Kuskurena shi ne ban tsaya nan ba. Na ce malam ya ce ma'anar sunan wari ce, domin in aka ƙona garinsa yana fid da wani wari mai guba. Kwana biyu Kaka bai yi mini magana ba. A na uku ya aiko a kira ni. "Ke Habiba, wa ya ce a ƙona shi? Ke ma a jefa ki a wuta a ji ko turare za ki yi."

Akwai abu ɗaya da ban faɗa masa ba. A littafinmu na kimiyya an ce ƙarfen ba ya lanƙwasa, in aka matsa masa sai dai ya fashe. Da na karanta, fuskarsa na gani. Ranar da ciwo ya kwantar da shi, ya ƙi a ɗaga shi, ya ƙi asibiti, ya ƙi kunu. Abin da ya yarda da shi kawai, ya sa hannu ƙarƙashin filo ya miƙo mini kuben. "Ki riƙa gaishe su. Ba sa amsawa, amma suna aiki."

Goggo, aljanin da kike tsoro shi ya rubuta wa rabin matan unguwar nan wasiƙa zuwa ga 'ya'yansu a Kusiri da Meiganga, Kaka bai taɓa karɓar ko goro ba. Shi ya rubuta miki taki da Baffa Sani ya ɓace shekara biyu, kuma ga Baffa zaune. Shi ya kai ni lise.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya yi masa nauyin mizani irin na abokinsa Usmanu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Hamadu su ƙarasa maganar doki.

Alƙalamin kuwa ba ya zuwa Binuwai. Da shi na rubuta wannan. Ranar Lahadi zan shimfiɗa buzun a zaure da hantsi. Mai wasiƙa ta zo, amma ta zo da abin da za ta faɗa a shirye, ni ba ni da haƙurin Kaka.